Matar da ke Cikin Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Inna ta kama ni da mace a cikin rumbu ba. Kafin ka fara salati, tsaya ka ji, babu wata mace. Ni ne macen. Ni ne kuma mijinta, ni ne tsohon da ya zo cetonsu. Amma bari in faro maka daga farko.

Ni sana'ata murya. In ka taɓa shiga kasuwar Wara ko ta Yawuri ka ji lasifika a kan baro tana cewa, "Ina mai ciwon baya, ina mai sanyin ƙashi, matso kusa," to ni ne. Ni ne mai tallan maganin ɓera, ni ne mai tallan sabulun wanki. Na iya muryar tsoho marar haƙori, na iya ta ɗan birni mai yanga, na iya ta mata kala-kala, tun daga amarya mai kunya har zuwa wadda aka sace wa kaza. Tun ina firamare nake kwaikwayon malamai, kuma bayana ya shaida.

Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. In aka tambaye ta ina nake, sai ta ce, "Ɗan kowa ya tahi gona ko ya tahi ruwa, nawa ya tahi surutu." Kuma ban ga laifinta ba, don masu maganin nan rabin ladana da magani suke biya. Akwai lokacin da ɗakina ya cika da maganin basir har ƙarƙashin gado, ni kuwa lafiyata lau.

Sale ne ya fara zuga ni. Sale ɗan kawuna ne, taubashina, yana da shagon cajin waya a bakin tasha, kuma tun da aka haife shi bai taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba. Ran nan ina zaune a shagonsa ya ce, "Kai wawa, masu irin aikinka a Abuja imel suke tura wa kamfanoni, a ɗauke su talla a rediyo. Kai kana nan kana yi wa ɓeraye wa'azi."

Na ce, "Wa na sani a Abuja?"

Ya ce, "Shi ya sa aka yi imel, don irinku da ba wanda ya sani."

Daga ranar na zama mafaraucin adireshi. Duk abin da aka buga wa rubutu sai na juya bayansa. Buhun taki, buhun shinkafa, kwalin magani, kalandar da ke rataye a shagon aski, allon da ƙungiyoyi ke kafawa in sun haƙa rijiya. Akwai wata farar mota da na bi a kan babur har na kusa fita ƙasar Ngaski, don kawai in karanta abin da ke jikin ƙofarta. (Direban ya ɗauka ɗan fashi ne, ya ƙara wuta. Rabin adireshin na samu.)

Saƙonnina na farko kuwa, Allah ya jiƙansu. Yadda muke gaisuwa a gida haka na rubuta. Ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya ruwa, ya muka ji da zafi, ya mutanen ofis baki ɗaya. Kafin in zo kan maganar murya, mai karatu ya yi jika. Ba wanda ya amsa. In ban da wasu da suka dawo nan take, na yi ta murna ina nuna wa Sale, ya duba ya ce, "Wannan ba mutum ba ne, na'ura ce ke ce maka gidan ma babu shi."

A hankali dai na koyi abin. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Ka faɗi ko kai wane ne, ka nuna ka san abin da suke yi, ka maƙala ɗan guntun muryarka wanda bai kai a gaji ba, ka yi godiya ka fita. In sun yi shiru, bayan an kwana biyu ka sake taɓa su ba tare da fushi ba. Na yi haka har wani kamfanin taki ya amsa. Sun roƙe ni da girman Allah in daina.

Babbar matsalar ita ce inda zan ɗauki murya. Gidanmu ba ya shiru. Akuya ta yi, zakara ya karɓa, injin niƙan maƙwabta ya ɗora, can kuma jirgi ya tayar da inji a bakin ruwa. Duk abin da na ɗauka sai ka rantse a tsakiyar kasuwar dabbobi aka yi shi.

Wata rana kazar Inna ta sami hanya ta shige tsohon rumbun Baba da ke bayan gida, na hau tsani na leƙa don in koro ta. Na yi tari. Jama'a, ban taɓa jin tari mai kyau irin wannan ba. Ya fito tas, ba amsa-kuwwa, ba akuya, kamar na mai karanta labarai. Nan take na san na sami situdiyo.

Sai dai rumbun nan yana da doka. Ko da Baba ke da rai, shi kaɗai ke shiga, sai ya cire takalmi, ya yi bisimilla. Tun da ya rasu muka koma zuba hatsi a buhu, rumbun ya zama fanko, amma Inna ba ta bar shi ya lalace ba. Duk shekara sai ta sa an yaɓe shi an sake masa jinka, kuma ba ta yarda kowa ya taka shi. Don haka sai ranar kasuwa nake shiga, in ta ɗauki kwandon bandar kifinta ta tafi. Ina cire takalmi a gindin tsani (wannan kam ban taɓa karyawa ba), in rataye tsohuwar waya a bakin rumbu don ta jawo mini sabis, in sauka ciki, in jawo jinka in rufe.

Da na sami wuri sai baki ya buɗe. Na ƙara layi a saƙona, Sale ya taya ni juya shi da Turanci: "Ina da situdiyo nawa na kaina, ginin musamman, zagayayye, babu taga, kusa da tafkin Kainji. Sauti ba ya shiga, ba ya fita."

Don Allah duba maganar nan da kyau ka nuna mini ƙarya. Zagayayye ne. Babu taga. Sauti ba ya shiga, na gwada. Wancan na ƙarshen ne kawai ban taɓa gwadawa ba, saboda duk lokacin da ake magana a ciki, ni ina ciki.

Ana nan sai ga amsa ta gaske. Wata ƙungiya ce a Kaduna da na kwafi adireshinta a jikin wani ƙyalle da suka ɗaura a kwata, inda jirage ke lodi. Aikinsu jan hankalin mutane su riƙa sa rigar ruwa, a kuma daina cika jirgi fiye da kima. Wadda ta rubuto, Hajiya Rabi, ta ce sun saurari muryata, suna shirya gajerun wasanni da za a sa a rediyo da lasifikokin bakin ruwa tun daga Shanga har Wara, aikin damina guda. Suna son su gwada ni kai tsaye ta waya, daga situdiyona.

Na karanta saƙon nan har ya kusa gogewa. Aikin damina guda! Ba maganin basir a ciki! Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Inna ta kunna rediyonta ta ji ni, ta daina ce wa mutane na tahi surutu. Na zaɓi ranar kasuwa da hantsi, na ce musu lokacin ne situdiyo ba cunkoso.

Ranar ta zo. Inna ta fita da kwandonta, na leƙa har ta sha kwana. Na kwashi tabarma, makirfo, waya da abin sawa a kunne, na cire takalmi, na shige, na rufe. Wanda bai taɓa zama cikin rufaffen rumbu da hantsi ba bai san zafi ba. Kafin a kira na tuɓe riga, daga ni sai singileti da gajeren wando.

Hajiya Rabi ta kira, ita da wani abokin aikinta. Muka gaisa. Ta ce, "Malam, ba ma ganinka, buɗe kamara mana."

Na gyara murya na ce, "Hajiya, ƙa'idar situdiyon ce. Kamara tana jawo ƙara."

Ta ce, "Ikon Allah. To, bismilla."

Wasan mutum uku ne. Wani magidanci ya matsa wa matarsa Ladidi ta shiga jirgin da ya cika ba rigar ruwa, a tsakiyar tafki iska ta taso, wani tsohon matuƙi ya cece su yana yi musu faɗa. Na yi mijin, suka ce to. Na yi tsohon, suka ce ba laifi. Da na shiga Ladidi kuwa sai aka tsayar da ni.

Hajiya ta ce, "Maimaita wurin kukan. Ka ɗaga murya, ka tuna mutuwa take gani."

Ni kuwa an taɓo inda nake so. Na cika ƙirji na saki: "Wayyo ni Allah! Wayyo Innata! Ku fitar da ni, ruwa na shigowa!"

"Ƙara!"

Na ƙara. Na haɗa da shessheƙa. Na sa mijin ya daka mata tsawa, na sa ta ƙara rushewa da kuka. Ina jin kaina ina cewa yau Kaduna za ta san an yi haihuwa a Wara.

Abin da ban sani ba, wani ɗan kasuwa ya saye kifin Inna kwando guda tun kafin ta gama shimfiɗa. Ta dawo gida da wuri, tana murna, ta zagaya baya don ta ajiye kwando, sai ta ji rumbun mijinta yana kuka da muryar mace. (Daga baya na gwada. Ashe jinkar nan ba ta tare komai. Rumbun yana tattara murya ne ya harba ta sama kamar lasifikar masallaci. Har masu wanki a bakin ruwa sun ji Ladidi.)

Inna ta ruga ta kira Baba Manu, maƙwabcinmu, tsohon masunci. Shi ya zo da filafilin jirginsa yana karanto addu'a, don a ganinsa aljana ce. Inna ce ta hango takalmina a gindin tsani. Nan ta ce masa ya bar addu'ar, wannan aljanin ita ta haife shi.

Ni duk ban san ana yi ba, kunnuwana a toshe. Ina tsakiyar "Wayyo Innata" sai kawai sama ta buɗe. Haske ya faɗo mini a ka, filafili ya biyo shi ya zungure ni a haƙarƙari. Na yi tsalle, igiyar kunne ta fizge, waya ta faɗi a kan tabarma. Wajen rarumo ta babban yatsana ya danna kamara.

Sai ga muryar Hajiya Rabi ta cika rumbu, a fili, mace ta gaske: "Malam? Lafiya? Me ya faru?"

Daga waje Inna ta ce, "Ga ta nan! Na ji ta! Ke ɗiyar wa ta? Hito!"

Ban san abin da mutanen Kaduna suka yi tsammanin gani a situdiyona ba. Abin da suka gani dai shi ne ƙato cikin singileti, gumi kamar an tsamo shi daga tafki, yanar gizo-gizo da ƙaiƙayi a ka, bangon laka ta ko'ina, can sama kuma fuskar Baba Manu da filafili yana leƙowa.

Baba Manu ya duba dama, ya duba hagu, ya juya ya ce, "Shi ɗai na gani."

Inna ta ce, "Duba da kyau, ta ɓoye bayanshi! Kuma takalmin mutum ɗaya na gani ƙasa. Ke, da takalmi kika shiga rumbun maigidana? Wa ya rene ki?"

Hajiya Rabi, Allah ya saka mata, ta ce, "Inna, ina kwana. Ni ina Kaduna, ta waya nake magana."

"Lahiya lau. Kaduna? To wadda ke kuka hwa?"

Na miƙe a hankali, na taka gungumen da nake hawa in zan fita, na fito da kaina ta bakin rumbu kamar kurege. Bayan gidanmu ya cika. Matan maƙwabta, mai injin niƙa da gari a gashin ido, har da Sale, wanda ban san wa ya aika masa ba, ya harɗe hannu yana murmushin da na fi tsana a duniya.

Na ce, "Inna, ni ne."

"Kai na mi?"

"Ni ne macen."

Ba wanda ya yi motsi. Har akuya ta yi shiru, abin da na shekara ina roƙonta.

Baba Manu ya ce, "Ƙarya kake, ɗan nan. Yi mu ji."

To me zan yi? In ban yi ba, an tafi da labarin na ɓoye 'yar mutane a rumbu. Ina tsaye, rabina a ciki rabina a waje, waya a hannu Kaduna na kallo, na rufe ido na ce, "Wayyo ni Allah, ku fitar da ni, ruwa na shigowa."

Wata mata ta zauna a ƙasa don dariya. Baba Manu ya saki filafili ya ce, "La'ilaha illallahu, da gemunka!" Sale ya ce, "Amarya, a sauko a hankali, kar a yi tuntuɓe." Ta cikin waya ina jin abokin aikin Hajiya yana wani irin sauti kamar ana yanka shi.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni ta ce, "Da macen ta, da na san gidan da za ni kai goro. Wannan hwa ina za ni kai shi?" Ta ɗauki kwandonta ta shige gida.

Hajiya Rabi ta yi gyaran murya ta ce, "Malam, wannan ne situdiyon?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya. Zagayayye."

"Ka ce sauti ba ya fita."

"Haka na ɗauka, Hajiya."

Ta ce za su tuntuɓe ni. Duk mai tura imel ya san ma'anar wannan.

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ƙofar gida ba sai dole. Inna tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini kanzil. Wannan ya fi dariyar mutane ciwo, don na san ba muryar mace ce ta ɓata mata rai ba, rumbun ne. Na same ta tana gyaran kifi na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ko da ka shiga, ka cire takalmi. Shi ya sa ban kore ka ba." 

Daga nan na zauna na rubuta wa Hajiya saƙo mafi gajarta a rayuwata, ban ma nemi Sale ba. Na ce situdiyon rumbun mahaifina ne, na ƙara gishiri a saƙon farko, ina neman afuwa, amma muryar da suka ji tawa ce, kuma har yanzu ina son aikin. Na tura na kashe waya don kar in ga abin da zai dawo.

Amsa ta zo bayan na fid da rai. Matsayin mijin sun ba wani, na tsohon ma sun ba wani. Ni sun ɗauke ni Ladidi, damina guda. Hajiya ta rubuta cewa sun gwada mata na gaske, amma ba wadda kukanta ya tara unguwa, kuma wanda ya ruɗi mahaifiyarsa zai iya ruɗin kowa. A ƙasa ta ƙara da cewa mai haɗa musu sauti ya ce a ci gaba da ɗauka a rumbun, bai taɓa samun murya mai tsabta haka daga wajen gari ba. Sai dai a nemi izinin Inna.

Na je neman izini. Inna ta sa na karanta mata saƙon, ta sa na maimaita wurin da aka ambace ta. Sannan ta kafa sharuɗɗa. Takalmi a ƙasa. Bisimilla kafin shiga. Yaɓe da jinkar bana a wuyana. Kuma duk ranar da zan yi kuka in faɗa mata tun da safe, don ta sanar da maƙwabta. Ta kalli bayan gida inda rumbun yake, ta ce, "Ya daɗe bai ciyar da gidan ga ba. Shiga."

Yanzu in ka je kwata ranar kasuwa za ka ji Ladidi a lasifika tana rantsuwa ba za ta taka jirgi ba sai da rigar ruwa. Na ga mata da idona suna tsayawa su ce wa matuƙi, "Ba ka ji abin da Ladidi ta ce ba? Miƙo rigar." Inna kuma ta daina cewa na tahi surutu. In aka tambaye ta yanzu, cewa take, "Yana rumbu yana kuka." Ban tabbata an ci gaba ba, amma da alfahari take faɗa.

Sunana na gaskiya kam ya ɓace. Daga Wara har Yawuri, masu jirgi Ladidi suke kira na. Wani baƙo ma daga Shanga ya ji muryar ya tsaya yana tambaya ko yarinyar nan tana da miji. Sale ya kamo hannunsa ya kawo shi har ƙofar gidanmu, ya yi sallama da ni.

Har yau ina tura imel, kuma ana amsawa jefi-jefi. Layin situdiyon ne kawai na gyara, yanzu rumbu nake rubutawa ƙarara, wasu ma shi ke sa su amsa. Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da za ka rubuta wa baƙo game da kanka, fara zagayawa waje ka ji yadda yake fita. In kuma ka dogara da ranar kasuwa, ka tuna wani lokacin kifi yana ƙarewa da wuri.